Maganin hazon gilashin nutso

Jama'a, masu shirin zuwa Zanzibar kallon murjani da jiragen da suka nitse, ga wata dabara.

In kun sayi sabon gilashin nutso, wato wanda ake rufe ido da hanci da shi don gani a ƙarƙashin ruwa, kar ku shiga ruwa da shi haka nan. Ku shafa farin man goge baki ta ciki, ku murza da yatsa, ku ɗauraye. Ku yi kamar sau uku.

Dalili kuwa, daga masana'anta yake zuwa da wani siririn maiƙo a jikinsa. Shi ke riƙe tururin ɗumin fuskarku idan ruwan waje ya sanyaya gilashin, sai hazo ya rufe muku ido.

Ranar shiga ruwa kuma, ɗigo ɗaya na shamfun jarirai ya isa. Ku shafa, ku ɗan tsoma sau ɗaya, ku sa a fuska nan take. Ba ya yaji a ido, kuma ya fi maganin hazon shago araha nesa ba kusa ba. In babu, yawu ma yana yi, sai dai mai ƙyama.

Ni a Tarkwa Bay na gwada nawa. Ruwan Legas dama ba garau yake ba, balle a ƙara masa hazo.

Amma fa a kula. In gilashin na roba ne, ko mai rini, man goge baki zai karce shi. Man goge baki mai kama da jeli kuma ba ya aikin. Wanda ke fitar da numfashi ta hanci, hazo zai dawo masa ko me ya shafa.