Yadda na gyara ankon wake da ya ƙi nuna

Ba ankon biki ba fa, anko sunan kwaɓin jan wake mai zaƙi ne da Japanawa ke sawa cikin dorayaki da mochi, da waken azuki ake yinsa. Gwajin farko wallahi haushi kawai na sha, wake kamar tsakuwa ga ɗaci-ɗaci a baki, ashe sukari na yi saurin zubawa, shi kuwa in ya riga wake nuna to sai haƙuri, ba zai ƙara laushi ba.

Da na sake, giram 200 na ɗora, ya tafasa minti 5 na zubar da ruwan farko, nan ɗacin ke tafiya. Sabon ruwa, wuta ƙasa-ƙasa sama da awa ɗaya ina ƙara ruwa in ya ja, sai da ƙwaya ta murje tsakanin yatsuna sannan na sa sukari giram 200 da ɗan gishiri. Ina ta juyawa har in na ja muciya ina ganin gindin tukunya, sai na sauke, in ya huce yana ƙara kauri. Ban tace ba, na fi son mai ɓarzo-ɓarzo, tsubuan suke ce masa.