Yadda Ake Jinyar Kafaɗa Bayan Ta Goce

A duk manyan gaɓoɓin jiki, kafaɗa ce ta fi saurin gocewa, domin kan ƙashin dantse babba ne, gurbin da yake zaune a ciki kuwa ba shi da zurfi. Mutum ya faɗo daga babur ya dafa ƙasa, ko a murɗe masa hannu a kokawa, sai ƙashin ya fito, galibi ta gaba. Mayar da shi aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya iya. Jinyar da ke biyo baya kuwa takan ci wata 3 zuwa 4, kuma a nan ne yawancinmu muke sakaci.

Da farko a ɗauki hoto. Ko da mai ɗori ne ya mayar da kafaɗar, kuma zafin ya lafa, a je asibiti a haska, don gocewa takan zo da 'yar karaya da hannu ba ya ganowa. Mutanen Kano da kewaye suna da Asibitin Ƙashi na Dala. Ka kuma shafa gefen dantsenka na waje daga sama. In ba ka jin taɓi a wurin, ko yatsunka sun yi sanyi, ka gaya wa likita nan take, wataƙila jijiya ta taɓu.

Sai a rataye hannun a wuya, daga mako 1 zuwa 3, yadda likita ya tsara. Wanda ya haura shekara 40 ba a barinsa ya daɗe a rataye, don kafaɗarsa na saurin sandarewa. A kwana biyu ko uku na farko, a naɗe ƙanƙara a tawul, ko ledar ruwa da ta daskare, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Na san za a kawo maka ruwan zafi da man zafi a ce bari a gasa maka. Ka ce musu su dakata tukuna, zafi a wannan lokaci ƙara kumburi yake yi. Farasitamol ya isa rage raɗaɗi, mai gyambon ciki kuma ya nisanci ibufurofen.

Ko hannun na rataye, kar ka bar shi ya mutu. Ka riƙa dunƙule yatsu kana buɗewa, kana miƙe gwiwar hannu kana lanƙwasawa. Wajen sa riga, hannu mai ciwo ne zai fara shiga, wajen cirewa shi ne na ƙarshe, kuma riga mai maɓalli a gaba ta fi sauƙi. Da dare ka jingina da matasai biyu ko uku, ka tallafi gwiwar hannun da ɗaya. A salla ka ɗaga hannu iya inda ya tsaya ba tare da zafi ba.

Da likita ya ba da izini, sai a fara lilo. Ka sunkuya, ka dafa tebur da hannu mai lafiya, ka saki mai ciwon ya yi reto, ka riƙa kaɗa shi a hankali, gaba da baya, sannan ka zana ƙaramin da'ira. Bayan an cire ratayen, ka tsaya gaban bango ka riƙa hawa shi da yatsu kamar tururuwa, ka yi alama da alli inda ka kai, bayan kwana uku ka duba ko ka wuce ta.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa: ƙarfafa naman da ke riƙe kafaɗar. Ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka tura bayan hannu jikin bango na daƙiƙa 5 ba tare da hannun ya motsa ba, ka saki, sau 10. Wajen mako na 6 ake shiga atisayen jan igiyar roba mai talewa, kuma gara likitan gashin ƙashi ya nuna maka da kansa. Zafi yakan tafi tun kafin jijiyoyin da suka yage su haɗe, shi ya sa matashi kan koma ƙwallo da wuri ya sake dawowa riƙe da hannu. A cikin 'yan ƙasa da shekara 20, fiye da rabi kafaɗarsu kan sake gocewa.

Akwai motsi ɗaya da za ka guje wa har tsawon mako 6 aƙalla: ɗaga hannu gefe tare da juya shi baya, irin na mai shirin jifa, ko direban da ya miƙa hannu kujerar baya ya karɓi kuɗin mota. Ɗora buhu a ka, jan guga da ƙwallo su jira wata 3, sai ƙarfin hannuwan biyu ya zo ɗaya. In kafaɗar ta sake fita, ko kana jin kamar za ta zame duk sa'ad da ka ɗaga hannu, ka koma wurin likitan ƙashi, don akwai tiyatar da ake ɗinke bakin gurbin da ya yage.