Yadda ake tsabtace gefen abin da aka yanke a hoto da gyara bayansa

Duk wanda ya taɓa yanke hoton mahayi na hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya san cewa jikin mutum ba ya ba da wahala. Aikin yana wurin gezar doki, da jelarsa, da bakin rawani, da zaren da ke lilo a jikin kayan doki. Za a yi aikin ne da Photoshop, manhajar gyaran hoto. Da yake wasu kwamfutocin masu hoto a garin nan Photoshop ɗinsu na Faransanci ne, wasu na Ingilishi, zan ambaci maɓallai, domin yawancinsu ba sa canzawa.

Kafin komai, a danna Ctrl da J domin a sami kwafin shimfiɗar hoton, wato wani falle na hoton da aka ɗora a kan na farko, a bar ta asali a ƙasa. Sai a danna W a zagaye mahayin da dokinsa, ba tare da damuwa da gashi ba tukuna.

Daga nan a danna Ctrl da Alt da R, tagar gyaran gefe za ta buɗe, wadda kamfanin Adobe ya shigo da ita a 2016. A danna A a ga abin da aka zaɓa a kan baƙi, a danna T a gan shi a kan fari. Ina matsa wa masu koyo su duba duka biyun, saboda farin rawani yana ɓoye aibinsa a kan fari, baƙin doki kuma yana ɓoye nasa a kan baƙi. Sai a danna R a ɗauki burushin gefe, a ƙanƙanta shi, a bi bakin geza da jela a hankali, ana farawa daga wajen gashin ana shigowa ciki. Manhajar za ta raba silin gashi da sararin da ke tsakaninsu. Kada a kai wannan burushi kan kafaɗa ko sirdi, domin yana cinye gefe mai kauri ya bar shi kamar asu ya ci tufa. Laushin gefe kada ya wuce fiksel 1, wato ɗigo ɗaya cikin ɗigogin da suka haɗa hoto, a yawancin hotuna. Idan kuma wani siririn haske ya rage kewaye da mutum, abin da ya fi faruwa a hotunan lokacin hunturu da ƙura ta farar da sama, a jawo gefen ciki da kamar kashi 10 cikin 100.

A ƙasan tagar a zaɓi fitar da aikin a sabuwar shimfiɗa mai marufi. Wannan marufi shi ne gishirin aikin, domin ba ya goge komai, rufewa kawai yake yi: baƙi yana ɓoyewa, fari yana bayyanawa. Idan kunnen doki ya tafi, a danna B, a shafa fari a kan marufin, kunnen ya dawo; maɓallin X yana musanya launukan biyu. Magogi kuwa, abin da ya ɗauke ya tafi da zarar an rufe fayil, shi ya sa ban yarda da shi a wannan aiki ba.

Saura bayan hoton. Idan ana so a matsar da mahayin ko a dusashe abin da ke bayansa, dole a cike gurbin da ya bari. A yi wani kwafin shimfiɗar asali, a zagaye gurbin da L tare da ƙarin fiksel kamar 10, a danna Shift da F5, a zaɓi cikon da ke la'akari da kewaye, wanda ya fito tun 2010. Yana yin kyau a kan rairayi da sararin sama. A kan bangon gidajen tsohuwar unguwar Birni ta Damagaram masu zanen gargajiya kuwa yakan hargitsa zanen, ya ɗora rabin dagi a kan wani. A nan sai a danna S a ɗauki hatimin kwafi, a riƙe Alt a nuna wurin da zanen yake lafiya, a kwafo shi kaɗan kaɗan ana daidaita layi da layi. Inuwar dokin a ƙasa a bar ta, in ba haka ba zai zama kamar yana shawagi.

A adana aikin a PSD, nau'in fayil na Photoshop, domin marufin ya zauna, sannan a fitar da JPEG don wanki, ko PNG idan ana son bayan ya kasance babu komai.