Babi na 7: Yadda ake haɗa gahawa ta zubi a gida

Assalamu alaikum iyayena da yayyena ƴan ajin yamma, sannunku da ƙoƙari. Wannan babin na rubuta shi ne bayan mun yi sati uku muna gwadawa a gindin darbejiyar makaranta, duk wanda ya zo ya ga yadda aka sha fama, toh ga shi a rubuce don ku riƙa dubawa a gida. Ku karanta a hankali, in kalma ta yi muku wuya ku sa yatsa a kanta ku maimaita, ba wanda yake kora ku.

Darasi na 1: Sunaye da kaya

Bari mu gyara suna tukuna. In na ce gahawa ina nufin abin da ake sha. In na ce kofi ina nufin mazubin da ake sha a ciki. Na faɗi haka ne saboda ranar farko da na ce a miƙo min kofi, rabin aji sun miƙo kofin silba rabi kuma sun miƙo leda.

Wannan gahawar ba irin Nescafé ɗin teburin mai shayi ba ce, waccan narkewa take yi a ruwa ta ɓace, wannan kuwa ƙwaya ce aka soya kamar yadda ake suyar gyaɗa, a daka ta, a zuba mata ruwan zafi ya ratsa ta ya sauka ƙasa, dusar ta tsaya a sama. Iyayena mata kun fi kowa sanin wannan aikin, ai kullum kuna tace gasara, kusan abu ɗaya ne sai dai wannan ba a matsawa da hannu. Kuma ba irin wadda alhazai suka sha a Saudiyya da dabino ba ce, waccan dafa ta ake yi a buta da kayan ƙamshi.

Wadda muke magana a kai ita ce mai asali ɗaya, wato duk abin da yake cikin ledar daga yanki ɗaya ya fito ba a gauraya shi da na wani wuri ba. Kun san bambancin geron gonarka da geron da aka haɗa na mutum goma a buhu ɗaya a kasuwa, toh haka ne. Asalin irin da ake kira Arabika daga ƙasar Habasha yake, har yau gahawar yankunan Sidama da Yirgacefe ta yi suna a duniya. Mu ma a Najeriya ana noma ta a tsaunin Mambilla a jihar Taraba, wajen Gembu, don ita bishiyar tana son tudu mai sanyi, shi ya sa ba za ku gan ta a gonakinmu na Jigawa ba. Wadda muka yi gwaji da ita wani ƙanena direba ne ya taho mana da ita daga can. In za ku saya ku duba jikin ledar ku nemi abu biyu, sunan ƙasa ko gari, da ranar da aka soya. Wadda ba ta wuce wata ɗaya ko biyu da suya ba ta fi ƙamshi. Tana da tsada, shi ya sa nake jin ciwon a ɓata ta.

Kar wani ya ce wannan aikin ƴan boko ne. Wadda ta fara tace gahawa da takarda matar aure ce a garin Dresden na ƙasar Jamus, sunanta Melitta Bentz, a 1908 ta huda gindin wani ɗan kwanon tagulla ta shimfiɗa takardar shanye tawada daga littafin makarantar ɗanta, shikenan. A ɗakin girkinta ta yi.

Kayan aiki: mazurarin gahawa, wanda aka fi sani shi ne mai suna V60 na kamfanin Hario na ƙasar Japan, akwai na roba mai sauƙin kuɗi. Sai takardar tacewa da ake sayarwa tare da shi. Sai buta mai siririn baki, ƙaramar butar shayin nan irin ta Buzaye ta wadatar. Sai kofi, cokalin cin abinci, da agogon waya. Wanda bai samu takarda ba ya nemi farin ƙyalle sabo ya wanke da ruwan zafi zalla, banda sabulu mai ƙamshi, ya ware shi don wannan aikin kaɗai. Dan Allah kar a yagi takardar littafi ko jarida, akwai tawada a jiki.

Darasi na 2: Awo da daka da ruwa

Ku buɗe littafinku ku rubuta lambobin nan manya manya: 15, 250, 30.

15 shi ne giram na gahawa don kofi ɗaya. Wanda ba shi da sikeli ya ɗebi cokali 3 a shafe, ba mai tsororo ba. 250 shi ne mililita na ruwa, kar kalmar ta ba ku tsoro, ledar fiya wata ɗaya 500 ce, rabinta kenan. 30 ɗin kuma ku ajiye ta, za mu zo kanta, ita ce uwar darasin.

Daka: a daka iya wanda za a sha a lokacin. Ya zama kamar yashin rafi ko garin kwaki, in kun murza a yatsa ku ji ƙwaya ƙwaya. In ya yi laushi kamar garin tuwo zai toshe takarda ruwa ya ƙi sauka. Kuma turmin da ake daka yaji ko daddawa bai dace ba ko an wanke shi, wata baiwar Allah a ajinmu ta gwada duk muka ji warin daddawa a kofi, ta yi komai daidai turmi ne kawai ya cuce ta. A nemi ɗan ƙaramin turmi a ware.

Ruwa ya zama mai daɗin sha. In ruwan burtsatsenku yana da ɗanɗanon kanwa ko gishiri zai fito a gahawar. In a itace za a dafa a rufe butar kar hayaƙi ya shiga. Idan ya tafasa a sauke a bar shi kamar minti 1 ya ɗan huce, masu ma'aunin zafi suna neman digiri 90 zuwa 96, mu minti ɗayan nan ya ishe mu.

Ku ɗora mazurari a kan kofi, ku sa takarda, ku zuba ruwan zafi kaɗan ya jiƙa takardar duka don warin takarda ya fita kofin ma ya ɗumama. Wannan ruwan ba ya cikin 250 ɗin. Sannan a ZUBAR da ruwan da ya sauka a kofi. A zubar. Sai a juye garin a cikin takarda a ɗan girgiza ya kwanta daidai.

Darasi na 3: Jiƙon farko

Toh nan ne wajen. Duk wanda yake gyangyaɗi ya farka.

Kar ku juye ruwan duka. Ruwa kaɗan za ku fara zubawa, kamar cikin cokali 2, wato mililita 30, iya wanda zai jiƙa garin ko'ina ba sauran busasshen wuri. Sannan ku ajiye butar a ƙasa. Ku ajiye ta, ku cire hannunku daga jikinta. Sai ku ƙirga daga 1 zuwa 30 a hankali, in kun kai 45 ma ba laifi.

Ku duba cikin mazurarin lokacin da kuke ƙirgawa, za ku ga garin yana kumbura yana ƴan kumfa kamar ƙullin fanke ya tashi, ƙamshi ya bugo hancinku. Iska ce take fita, wadda ta maƙale cikin ƙwayar tun lokacin suya. In ba ta fita ba ita take ture ruwa, ruwan ya bi ta gefe ya sauka bai ɗauko komai ba. Iyayena manoma kun san wannan fiye da ni, idan ruwan farko ya sauko da ƙarfi a kan busasshiyar ƙasa gudu yake yi ya tafi kwari, ka tona da fartanya ka tarar ƙasan a bushe, amma in yayyafi ya fara sauka ƙasa ta sha ta yi taushi, ruwan da ya biyo baya shiga yake yi. Cokali biyun nan su ne yayyafin.

Mu sake. Ruwa cokali 2. Ajiye buta. Ƙirga 30.

Na san hannu ya saba, shekara da shekaru kuna haɗa shayi ana juye ruwa gaba ɗaya a juya da cokali, ba laifinku ba ne in hannu ya zarce. Wani dattijo a ajinmu, wanda ya haife ni ma ya isa, sau huɗu yana gwadawa sau huɗu hannunsa yana zarcewa, a na biyar sai ya ce a karɓi butar daga hannunsa bayan ya zuba, jikansa ya riƙe masa, shi kuma ya ƙirga da yatsu yana motsa baki, da ya kurɓa ya ɗago ya ce malam ashe haka take, ba ɗaci. Wallahi na ji daɗin ranar nan har na koma gida. In ku ma sai an riƙe muku buta toh a riƙe, ba abin kunya ba ne.

Mu sake faɗa tare, da baki, yanzu kafin ku ci gaba da karatu: in jiƙa, in ajiye, in ƙirga. In jiƙa, in ajiye, in ƙirga.

Kuma ƙirga ba tsere ba ce. Ɗaya... biyu... uku... kowace lamba da numfashinta. Wanda yake da waya ya duba daƙiƙa 30 a agogo ya huta.

Amma fa zan faɗi gaskiya ko ba daɗi. Satin da ya wuce mutum tara suka gwada a gabana, shida sun juye ruwan duka tun ban rufe baki ba, kuma cikinsu akwai waɗanda na tsaya a kansu sau uku uku. Haba jama'a. Wasu kuma suna ƙirgawa ɗayabiyukuhuɗu kamar ana bin su da sanda, wasu su tsallake daga goma sha biyu su faɗa talatin suna kallona ko na lura, na lura. Kuna iya zama awa guda kuna jiran mota a bakin titi ranar kasuwa ba ku ce komai ba, amma daƙiƙa 30 ta gagare ku? Abin da aka noma a kan tsauni, aka tsinka ƙwaya ƙwaya da hannu, aka shanya, aka soya, aka yi masa tafiyar kwana da kwanaki, ya zo hannunku ku lalata shi saboda gaggawar rabin minti, sannan ku ce min ba daɗi gara Lipton. Ni wannan ba na jin daɗinsa ko kaɗan. Wanda ya san ba zai ƙirga ba ya bar garin a leda ya ba wanda zai yi.

Ku yi haƙuri da faɗan, son ku iya ne ya kawo shi. Ku rubuta a littafinku sau biyar: cokali 2, ajiye buta, ƙirga 30.

Darasi na 4: Sauran ruwan

Bayan kun gama ƙirga, bayan fa, sai ku ɗauki buta ku zuba siririn ruwa daga tsakiya kuna zagayawa a hankali kamar kuna zana da'ira, kuna faɗaɗawa kuna dawowa tsakiya. Kar ku zuba a jikin takardar, a kan garin ake zubawa. In ruwa ya kusa cika mazurari ku dakata ya ɗan sauka sannan ku ƙara, sau biyu ko uku har ruwan ya ƙare. Daga jiƙon farko zuwa ɗigon ƙarshe kamar minti 3 ne. Sai a ɗauke mazurari, a ɗan juya kofin, a bari ta ɗan huce.

Ku fara kurɓa ba suga ba madara ko sau ɗaya ne don ku ji ainihin ɗanɗanonta, ta Habasha wani lokaci har ƙamshin fure ko lemo ake ji. Bayan nan wanda yake son suga ya sa.

Darasi na 5: In ba ta yi daɗi ba

In ta yi tsami kuma salam kamar ruwa, dakan bai isa ba ko ruwan ya huce da yawa, a ƙara daka gobe. In ta yi ɗaci mai kama maƙogwaro kuma ruwa ya daɗe bai sauka ba, dakan ya yi laushi. Abu ɗaya ake canzawa a rana. Amma kafin ku zargi turmi ku tambayi kanku ko kun ƙirga 30 ɗin.

Darasi na 6: Ajiya

A rufe a kwalba ko gwangwani mai murfi, nesa da rana da danshi da kayan miya. Dusar a zuba a juji tare da taki.

Tana hana barci, kar a sha da dare. Ba a ba yara. Mai ciki da mai hawan jini su tambaya a asibiti tukuna.

Aikin gida

Kowa ya haɗa kofi ɗaya, ya rubuta minti nawa ta ɗauka. A zo da littafi ranar aji, da buta ga wanda yake da ita.