Yadda za ki haɗa karin kumallo mai ƙara jini

Ina aikin jinya a ɗakin awon ciki, kuma tambayar da mata suka fi yi mini ita ce: "Sista, garin karin kumallon nan na kwali da aka ce yana ƙara jini, da gaske ne?" Da gaske ne, amma akwai sharaɗi.

Fara da sanin abin da jiki yake nema, wato sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki yake yin jini. Namiji baligi yana buƙatar sinadarin ƙarfe miligiram 8 a rana, mace mai al'ada 18, mai ciki 27. Jariri ɗan wata 7 zuwa shekara ɗaya kuwa 11, wato ya fi babansa buƙata, ga cikinsa ɗan ƙarami. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya samu ƙarancin jini a jikin kashi 58 cikin ɗari na mata da kashi 68 na ƙananan yara. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki ma suna da hannu a ciki.

Idan kin ɗauki kwalin Golden Morn ko Cerelac ko wani irinsu, juya bayansa ki nemi layin da aka rubuta "Iron", wato sinadarin ƙarfe da Turanci. Ki duba da kyau: lambar da ke gefensa ta giram 100 ce, ko ta cin mutum ɗaya? A nan ake ruɗin mutane, don yaro ba ya cinye giram 100 a zama guda. Wasu kamfanonin ainihin garin ƙarfe mai laushi suke zubawa. In kika daka irin wannan, kika dama da ruwa a leda, kika goga maganaɗisu mai ƙarfi a jikin ledar, za ki ga baƙin ɗigo-ɗigo suna binsa. Kada ki tsorata, ruwan cikin mutum yana narkar da shi.

Sharaɗin shi ne shayi. Ganyen shayi yana da wani sinadari da ke kama ƙarfen ya hana hanji tsotsarsa, kofi (coffee) ma haka, madara mai yawa kuma tana rage shi. Sai ki ga an kashe kuɗi an sayi kwali, an kora da kofin shayi mai kauri, riba ta zube. Ba na cewa a bar shayi, wa zai saurare ni? A dai jinkirta shi da awa ɗaya bayan an ci. A madadinsa ki yanka lemo, gwaiba ko gwanda, don bitamin C yana taimaka wa jiki ya karɓi ƙarfen da ke cikin hatsi da ganye.

Wadda ba ta da kuɗin kwali kada ta ga an bar ta a baya. Ni a gidana koko muke sha. Gero yana da ƙarfensa, kuma jiƙa shi da barin kamu ya yi tsami yana rage abin da ke ɗaure ƙarfen a cikin ƙwayar. A Nijar har an fitar da irin gero mai suna Chakti a 2018, wanda ya fi na gargajiya yawan ƙarfe. Ki haɗa kokon da ƙosai ko alala, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir ɗanye. Ga mai yaye, ki daka busasshen kifi ki barbaɗa cokali ɗaya a kununsa, ko ki murje masa ɗan gutsuren dafaffiyar hanta sau ɗaya a mako. Ƙarfen nama da kifi ya fi na hatsi saurin shiga jiki nesa ba kusa ba.

Mai ciki kuwa abinci kaɗai ba ya isar ta. Ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa a awo ki sha kullum. Bayan gida zai yi baƙi, wani lokaci ya yi tauri. Ki yawaita ruwa, in tana tayar miki da zuciya ki sha da dare. Ki ɓoye ta nesa da yara, don yaro in ya haɗiye da yawa yana iya rasa ransa. Mai sikila kuma kada ya sha sai likita ya auna jininsa ya ce ya sha.