Yadda za ka zaɓi jitar lantarki mai kyan gani da za ta jure iskar Legas

A jitar lantarki, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi ne ke ɗaukar amo ya miƙa wa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ba ƙoƙon jiki ba. Shi ya sa maƙera suka samu sararin yanka katako yadda suka ga dama, kuma shi ya sa in ka shiga shagunan kayan kiɗa na kasuwar Alaba da ke Ojo, ido ne ke fara yin ciniki kafin kunne. Ba laifi ba ne. Sai dai kyan da ke ɗaukar ido a ƙarƙashin fitilar shago daban yake da kyan da zai kai damina biyu a Agege ko Idi-Araba.

Fara da siffar jiki. Yawancin abin da ke rataye a bango kwaikwayon tsofaffin siffofi ne na Amurka. Stratocaster ta kamfanin Fender, wadda ta fito a 1954, tana da ƙaho biyu, an kuma rarake bayanta da inda hannu ke sauka don ta kwanta a jikin mai kiɗa. Les Paul ta Gibson, ta 1952, ƙaho ɗaya gare ta da fuska mai tudu, kuma takan kai kilo 4 zuwa 4.5, alhali Stratocaster na wajen kilo 3.5. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya ba komai ba ne a hannu, amma ga mai tsayuwar awa uku a wajen biki, kafaɗa za ta ba da labari. Flying V ta Gibson, ta 1958, mai siffar harafin V, ta fi kowa ƙayatarwa a hoto, sai dai ba ta zama a cinya, zamewa take yi. SG ta Gibson, ta 1961, kuwa jikinta siriri ne, don haka kanta kan rinjaya ƙasa da zarar ka saki wuyan. Saboda haka kada ka yanke hukunci tana rataye. Ka ce a ba ka maɗauri, ka rataya ta, ka saki hannu biyu ka ga inda ta karkata. In da babbar riga ko kaftani mai faɗin hannu kake hawa dandamali, ka lura ko hannun rigar yana kama maɓallan ƙara murya.

Fenti ne wurin da ya kamata ka daɗe. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na naitiro, siriri mai laushin sheƙi, wanda ake samu a kan tsofaffin jitoci da masu tsada. Akwai na foli, mai kauri da tauri, wanda ke kan kusan duk jita mai sauƙin kuɗi. Masu tara jitoci suna mutuwar son naitiro saboda yadda yake tsufa, amma a Legas wahalarsa ta fi daɗinsa: zufa na dusashe shi, robar da ke jikin wasu sandunan jingina jita na narka shi ta bar tabo, haka ma man korar sauro da ake shafawa a hannu. Ga mai kiɗa kullum, foli ya fi kwanciyar hankali.

Kunna tocilan wayarka, ka haska fuskar jitar daga gefe, ba kai tsaye ba. Hasken gefe ne ke tona gurbin da fenti ya zubo ya daskare, da ƙurajen da ba a goge ba, da inda launi ya tsallaka kan farin layin da ya zagaye bakin jiki. In fuskar na da zanen katako mai kama da harshen wuta, ka karkata jitar hagu da dama. Na gaskiya, layukansa suna motsi, wani ya yi duhu wani ya haskaka. In suka tsaya cak, hoto ne aka manna a ƙarƙashin fenti. Ba haramun ba ne saye, amma kada a karɓi kuɗin katako a hannunka.

Batun launi a taƙaice: baƙi mai sheƙi na nuna kowane sawun yatsa da karce, fari yana komawa ruwan madara da daɗewa, fenti marar sheƙi kuma yakan fara ƙyalli daidai inda hannu ke goga cikin 'yan watanni. Launin nan mai haske a tsakiya da duhu a gefe shi ya fi ɓoye tsufa. Masu ɗaukar bidiyo su sani cewa sheƙi mai yawa yana mayar da hasken fitila cikin kyamara.

Sai ƙarafa. Danshin Legas kan wuce kashi 80 cikin ɗari da damina, ga gishirin teku a iska, alhali katakon jita ya fi son kashi 45 zuwa 55. Ƙarfe mai ruwan zinariya shi ke fara kunyata mai shi, domin rufin siriri ne, zufar tafin hannu na cinye shi a kan jakin da tsirkiyoyi ke hawa. Mai ruwan kurom, wato mai ƙyallin azurfa, ya fi juriya. Duba kawunan sukurorin farantin robar da ke fuska. In sun fara ja tun a shago, jitar ta daɗe cikin laima, kuma wataƙila wayoyin ciki ma sun taɓu.

Ka ɗaga jitar ka leƙa tsawon wuya daga kai. Tazarar tsirkiya ta farko da bakin wuya ta zama daidai da ta shida. In ɗaya ta kusa faɗowa, an ɗaure wuyan a karkace. A inda wuya ya shiga jiki, katin waya bai kamata ya iya kutsawa ba.

Jabu na da yawa. Murfin nan mai siffar ƙararrawa da ke goshin Gibson ta asali sukurori biyu ke riƙe da shi, jabu kuma sau da yawa uku ne. Epiphone ma uku gare ta, amma ita ba ta ɓoye sunanta: ita ce mai rahusa ta gidan Gibson, kamar yadda Squier take ga Fender. Gara ka sayi ɗayansu da sunanta a goshi.

In kana son sauya kamannin wadda kake da ita, farantin fuska ne hanya mafi arha. Ƙirga ramukan sukurori kafin ka saya: Stratocaster ta zamani 11 ne, samfurin shekarun 1950 kuma 8, sannan ramukan kwaikwayo ba lallai su dace da na asali ba. Ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwa ka ɗora a kan sabon.

Bayan kowane kiɗa, goge jiki da tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle mai laushi. Ajiye ta a akwatinta tare da ƙunshi biyu ko uku na ƙwayoyin tsotse danshi, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa sauya su in sun jiƙe. Kada ka bar ta a but ɗin mota cikin cunkoson rana. Allon wuya mai duhu marar fenti yana son ɗigon man lemun jita sau ɗaya ko biyu a shekara, mai haske da aka rufe da fenti kuwa ba ya buƙata. In za ka kai ta Arewa lokacin hunturu, katakon zai tsuke, bakunan ƙarafan wuya su fito suna karce yatsa. Ka bar ta a rufe cikin akwati in ba kiɗa kake ba, kuma in bakunan sun ƙi komawa bayan ka dawo, mai gyara zai goge su da ƙaramin magagari.