Matakan Shirya wa Rabin Gudun Fanfalaki

Rabin gudun fanfalaki kilomita 21.1 ne, kuma wanda bai saba gudu ba yana bukatar kimanin mako 12 zuwa 16 kafin ya tunkare shi.

Da farko ka ga likita, musamman idan kana da hawan jini ko ciwon gwiwa. Sannan ka nemi takalmin gudu wanda ya bar wa babban yatsanka ɗan sarari a gaba, domin ƙafa takan kumbura idan gudu ya yi nisa.

Mataki na uku shi ne ka riƙa fita sau uku a mako, kana sassarfa na minti biyu, kana tafiya na minti ɗaya, har ka cika rabin sa'a. Saurin da ya dace shi ne wanda za ka iya magana da abokin gudunka ba tare da haki ya katse maka zance ba. A nan ne masu farawa suka fi yin kuskure, domin zumuɗi kan sa su zuba gudu kamar ana korarsu, washegari kuma sauka daga matakala ta gagare su.

Daga nan ka ware rana ɗaya a mako domin dogon gudu, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan har ka kai kilomita 16 zuwa 18, tare da hutawa a ranar da ta biyo baya.

Idan saura mako biyu a yi tseren, ka rage atisaye domin jiki ya murmure, kuma kada ka sa sabon takalmi a ranar.